Maɗaukin sautin jitar bes: yadda ake sayar da rarar da ke ajiye, da yadda ake tsara haɗa jita tun daga tushe

Duk wanda ya saba sauraron waƙa ta lasifikar waya ya san wannan matsala. Waƙar da ke girgiza ƙirji a zauren biki, da an kunna ta a waya sai ta koma siririya kamar an tace ta da rariya. Ana saka iyafis kuma sai nauyin ya dawo. Abin da ya ɓace ɗin shi ne sautin bes. Tsirkiya mafi kauri a jitar bes mai tsirkiya huɗu tana kaɗawa kusan sau 41 a daƙiƙa ɗaya, wato 41 Hz, ita kuwa 'yar lasifikar waya ba ta da girman da za ta tura iska a hankali haka har kunne ya ji.

Jitar bes ta lantarki ba ta da ƙoƙo irin na garaya ko gurmi. Gungumen katako ne da aka sassaƙa, idan aka kaɗa ta ba tare da an jona ta ba, da ƙyar wanda ke ɗaki ɗaya da mai kaɗin zai ji. Abin da ke ɗauko motsin tsirkiya ya mayar da shi lantarki wata 'yar na'ura ce da ke kwance a ƙarƙashin tsirkiyoyin, wadda makaɗa ke kira fikof. A nan za a kira ta maɗaukin sauti. Ita ce aka fi yawan sauyawa a jikin jita, ita ce kuma aka fi samu jibge a durowar makaɗa, har ta kai ta samu kasuwarta ta kanta a intanet.

Me ke cikinta?

Kayan cikin ba su da yawa: maganaɗisu, da wata siririyar wayar jan ƙarfe da aka naɗe shi da ita sau dubbai. Kaurin wayar da aka fi amfani da ita bai wuce milimita 0.06 da 'yan kai ba, kusan kamar silin gashi. Maganaɗisun yana sa tsirkiyar ƙarfe ta ɗauki ƙarfinsa, idan ta motsa sai ta dagula wannan ƙarfi, dagulewar kuma ta haifar da 'yar wutar lantarki a cikin naɗin wayar. Ita ce ke bi ta kebul zuwa amfilifaya. Ka'idar da Michael Faraday ya gano ce a Ingila a 1831, ita ce kuma janareta ke aiki da ita. Saboda haka maɗaukin sauti ba makirufo ba ne. Ba ya jin iska, motsin ƙarfe yake gani, shi ya sa tsirkiyar leda zalla ba ta yi masa komai.

Wannan naɗin waya yana da wani aibu: yana kwasar duk wani ƙarfin maganaɗisu da ke yawo a ɗaki. Wayoyin wutar gida, taransifoma da cajar waya mai arha duk suna shiga cikinsa su fito a lasifika a matsayin gurnani. A Najeriya da Nijar da Turai gurnanin na 50 Hz ne, a Amurka 60 Hz, gwargwadon wutar kowace ƙasa. Maganin da aka samo shi ne a haɗa naɗi biyu masu saɓa wa juna, da maganaɗisu masu saɓa wa juna. Sai gurnanin ɗaya ya kashe na ɗaya, sautin tsirkiya kuwa ya ƙaru. Seth Lover na kamfanin Gibson ne ya shahara da wannan tsari a tsakiyar shekarun 1950.

Manyan nau'o'i

Kusan duk abin da ake saye da sayarwa a wannan kasuwa ya samo siffarsa ne daga aikin mutum ɗaya, Leo Fender na jihar Kalifoniya. A 1951 ya fitar da Precision Bass, jitar bes ta farko da ta karɓu a kasuwa sosai. A 1957 aka sauya mata maɗaukin sauti zuwa mai ɓari biyu, kowane ɓari yana kula da tsirkiya biyu, an kuma naɗe su a saɓe don kashe gurnani. Wannan shi ne nau'in P. Sautinsa mai kauri ne, a dunƙule, shi ake ji a waƙoƙin Motown da James Jamerson ya kaɗa.

A 1960 Jazz Bass ta fito da maɗaukai biyu dogaye sirara, ɗaya kusa da wuya, ɗaya kusa da jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a ƙasan jita, kamar yadda masu goge ke kiran nasu. Wannan ne nau'in J. Idan aka buɗe duka biyun daidai babu gurnani, da an rage ɗaya sai ya kunno kai. Jaco Pastorius ya yi suna da na wajen jakin, a jitarsa ta 1962 da ya cire wa ƙarafan wuya.

Sai 1976, lokacin da kamfanin Music Man, inda Fender ya koma aiki bayan ya sayar da kamfaninsa na farko, ya fitar da StingRay da wani ƙaton maɗauki mai naɗi biyu da 'yar na'urar ƙara ƙarfi mai amfani da batir. Akwai kuma masu siffar sandar sabulu, waɗanda aka fi gani a jitoci masu tsirkiya biyar da shida. Su ne suka fi rikita mai saye, domin kamfanoni irin su EMG da Bartolini kowa da nasa awon.

Bambanci na ƙarshe shi ne batir. Wasu maɗaukan, kamar yawancin na EMG, suna da na'ura a cikinsu da ke buƙatar batir mai bolt 9. Wasu kuwa ba sa buƙatar komai. Ba a haɗa su da kayan wuta iri ɗaya: masu batir na EMG suna tafiya da maɓallan murzawa masu kilo-om 25, marasa batir kuma 250 ko 500.

Yadda rara ke taruwa

Labarin kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Matashi ya sayi jita mai sauƙin kuɗi, bayan wata shida ya ga bidiyo a YouTube ana yabon wani maɗauki na Seymour Duncan ko DiMarzio, ya tara kuɗi ya saya, ya cire na asali ya jefa a kwali. Bayan shekara kunnensa ya sauya, ya sake sayen wani. Kafin ya ankara yana da saiti uku a ajiye da jita ɗaya. Kuɗi ne a kwance, kuma ba sa ƙara daraja, sai dai tsatsa idan ɗakin yana da laima.

Akwai wanda bai kamata a yi saurin sayarwa ba: na asalin jita mai daraja. Ranar da za a sayar da jitar, mai saye zai tambayi kayanta na asali, kuma rashinsu yana rage farashi fiye da abin da aka samu a kansu. Ga tsofaffin jitocin Fender na shekarun 1960 abin ya fi haka tsanani, domin ko sake naɗa wayar maɗauki da ya mutu yana rage masa daraja a wurin masu tara kayan tarihi. Amma na jita mai arha, babu dalilin riƙe shi sai ko don ɓacin rana.

Gwaji kafin talla

Kayan gwajin na hannun kowane mai gyaran waya: mita. A saita ta a kan awon om, a ɗora bakunanta biyu a kan wayoyin maɗaukin. Nau'in P yakan nuna wajen kilo-om 10 zuwa 11, nau'in J guda ɗaya kuma wajen 7 zuwa 8, kodayake kowane samfuri yana da lambar da kamfaninsa ya wallafa, ita ya kamata a duba. Idan mita ba ta nuna komai ba, waya ta tsinke a ciki. Idan ta nuna kusan sifiri, wayoyin sun haɗe. Duka biyun na nufin maɗaukin ya mutu. Wannan gwaji na marasa batir ne kawai, masu batir sai an jona su an saurara.

Wani abu da ke jawo rigima tsakanin mai saye da mai sayarwa shi ne zafi. Jan ƙarfe yana ƙara turjiya da kusan kashi 0.4 cikin ɗari a duk digiri ɗaya. Maɗaukin da ya nuna kilo-om 10 a ɗaki mai digiri 20 zai nuna kusan 10.8 a rana mai digiri 40. Wanda ya auna nasa da tsakar rana a watan Afrilu a Sakkwato ya ga lambar ta haura ta kamfani, lafiyarsa ƙalau. Yana da kyau dai ya faɗi hakan a cikin tallar. Lambar om kuma ba ita ce ma'aunin daɗin sauti ba, ba ta ma nuna ƙarfinsa sai tsakanin maɗaukai masu waya da maganaɗisu iri ɗaya.

Wayar hannu ma tana da amfani a nan. Idan aka jona maɗaukin da amfilifaya, aka kunna waƙa a waya aka kusantar da lasifikarta, waƙar za ta fito ta amfilifayar, domin lasifikar waya ita ma naɗi ce da maganaɗisu. Gajeren bidiyon wannan gwaji, ko na ƙwanƙwasa ƙarafan saman maɗaukin a hankali da sukundireba, ya fi dogon rantse-rantse gamsar da mai saye. Ƙaramin kamfas kuma zai nuna wane gefen maganaɗisu ne ke sama, abin da ke da muhimmanci ga wanda zai haɗa shi da wani don kashe gurnani.

Hotuna su nuna sama, da ƙasa inda tambari ko lambar samfuri take, da tsawon wayoyin a jikin rula. Wayar da aka yanke ta yi gajere tana rage farashi, domin sai an yi mata ƙari. A rubuta tsawo da faɗi a milimita. Nau'in J yana da tarko a nan: na wajen jaki ya fi na wajen wuya tsawo da kusan milimita 3 a yawancin jitoci, wanda ya sayi na wuya yana son sa shi a ramin jaki zai sha mamaki. A faɗi ko na tsirkiya huɗu ne ko biyar, a kuma faɗi ko sukurorinsa na nan.

Farashi da kasuwa

Babbar kasuwar kayan kiɗa na hannu a intanet ita ce Reverb, wadda aka kafa a Chicago a 2013, sai eBay. Ko wanda ba zai sayar a can ba zai amfana da su wajen sanin farashi, da sharaɗin ya duba abin da aka riga aka sayar. Farashin da mutane ke rubutawa a talla buri ne kawai, wasu kayan sun shekara a kai ba a taya ba. A Najeriya cinikin ya fi gudana a Jiji, Facebook da zaurukan WhatsApp na makaɗan majami'u da 'yan sutudiyo, sai kuma shagunan kasuwar Alaba a Legas. Masu sayen ba su da yawa, amma shigo da sabo daga waje na da tsada saboda canjin dala da kuɗin aike, don haka maɗauki mai suna da ke cikin gida ba ya rasa mai so idan an yi haƙuri.

Jabu ya cika kasuwar, musamman na sunayen da suka fi fice. Mai sayarwa da ke da kwalin asali ko rasit ya saka su a hoto. Wanda kuma bai tabbatar da asalin nasa ba, ya rubuta haka ƙarara, ya sa farashin da ya dace. Sauran ka'idojin ciniki ta waya suna nan yadda suke: kada kaya su bar hannu sai an buɗe manhajar banki an ga kuɗi sun zauna, domin hoton rasit da saƙon alat duk ana ƙirƙirarsu. Wajen naɗewa, a nisanta maɗaukin da maganaɗisu mai ƙarfi irin na bayan lasifika, domin zai iya raunana nasa, musamman nau'in alniko da ake yi da alminiyam, nikel da kobalt. A kuma sa shi cikin leda don kada ya kwashi garin ƙarfe.

Ko kuwa a haɗa masa jita?

A nan ne da yawa ke sauya shawara. Mutum ya ɗauki hoton maɗaukinsa zai saka a kasuwa, sai zuciya ta ce ai saura jiki da wuya kawai ya zama jita. Wannan lissafi yana da haɗari ga aljihu, domin maɗaukin ƙaramin kaso ne na kuɗin. Jiki, wuya, jaki, makunnan ɗaure tsirkiya, kayan wuta, fenti, tsirkiyoyi da kuɗin aike su ne ainihin nauyin. Jitar da aka haɗa daga sassa daban-daban kuma, ranar sayar da ita ba kasafai take dawo da kuɗin sassanta ba, shi ya sa masu irinta sukan wargaza ta su sayar ɗaya bayan ɗaya. Wanda burinsa kawai ya samu jita mai kyau da arha, ta hannu da aka riga aka haɗa ta fi masa. Haɗawa na wanda yake son abin da shago ba ya sayarwa ne, ko wanda ke son koyon aikin.

Ba sabon abu ba ne dai makaɗi ya ƙera abin kiɗansa. Mdou Moctar na Nijar, wanda yanzu ke zagaya duniya da jita, ta farkonsa da hannunsa ya haɗa ta da katako da wayar birkin keke.

Shawara ta farko ita ce yawan tsirkiya da tsawonta. Tsawon da aka saba tun zamanin Fender shi ne inci 34, wato milimita 864, daga mashigar tsirkiya a saman wuya zuwa jaki. Akwai gajeru masu inci 30 da suka fi sauƙi ga mai ƙananan hannaye, akwai masu inci 35 da ake yawan yi wa tsirkiya ta biyar, wadda ke sauka har kusan 31 Hz. Wannan lamba ce ke mulkin komai. Ƙarfe na 12 a wuya dole ya faɗo daidai tsakiya, inci 17 daga kowane gefe a jita mai inci 34. Idan aka dasa jaki ba a wurinsa ba, ko aka ɗaura wuyan da ba a yi shi don wannan jiki ba, jitar za ta riƙa yin ƙarya yayin da yatsa ke hawa sama, kuma babu manhajar saita sauti da za ta gyara hakan.

Shi ya sa masu farawa suka fi bin awon Fender. Gindin wuyan mai tsirkiya huɗu inci 2.5 ne a faɗi, kuma kamfanoni irin su Warmoth na jihar Washington da Allparts suna yin jiki da wuya a kan wannan awo. Duk da haka, sassan da ake sayarwa da arha a intanet sukan kauce da milimita ɗaya ko biyu, wanda ya isa ya sa tsirkiya ta zame daga gefen wuya. A tambayi awo kafin a biya. Faɗin saman wuya kuma sha'ani ne na hannu: na J milimita 38 ne, na P ya haura 41.

Sai ramin maɗauki. Wanda ya fara aikin saboda maɗaukin da ke hannunsa, dole jikin da zai saya ya zo da ramin da ya dace da shi, kuma tazarar tsirkiyoyi a jaki, wadda aka saba da milimita 19, ta dace da ƙarafan samansa. Mai batir yana buƙatar wurin batir da kafar kebul ta musamman, wadda ke kunna wutar da zarar an soka kebul. Wanda ya bar kebul a soke ya kwanta, batirinsa yana ci har gari ya waye. A liƙa takardar jan ƙarfe a cikin ramukan don rage hayaniya, kada kuma a manta da wayar da ke haɗa jaki da ƙasan kayan wutar. Liƙin dalmar bai fi ƙarfin mai gyaran rediyo ba, matuƙar an ba shi zanen haɗin, wanda kamfanonin ke sakawa kyauta a shafukansu.

Katako

Makaɗa sun daɗe suna gardama a kan ko nau'in katako na sauya sautin jitar lantarki, gardamar da ba ta da ranar ƙarewa. Abin da babu gardama a kansa shi ne nauyi da ƙarfi. Jitar bes takan kai kilo 4 zuwa 4.5, mai kaɗa ta awa uku a tsaye ya san bambancin rabin kilo. Jiki mai sauƙi fiye da kima kuma yana sa kan jitar ya riƙa rinjaya ƙasa. Tsirkiyoyi huɗu suna jan wuya da ƙarfin da ya kai kilo 70 zuwa 80, dare da rana, don haka akwai sandar ƙarfe a cikinsa da ake ɗaurewa ko sassautawa. Wuyan da aka sassaƙa da katakon da bai bushe ba zai lanƙwashe. Kafinta na gari zai iya yanka jiki idan an ba shi zane mai cikakken awo, amma wuya gara a sayo shi a gama.

Wasu katakan da manyan kamfanoni ke alfahari da su daga Afirka suke fitowa. Wenge da bubinga, waɗanda kamfanin Warwick na Jamus ya shahara da su, daga dazukan Kamaru, Gabon da Kwango ake samo su, shi kuwa mahoganin Afirka ɗan gida ɗaya ne da maɗaci. Mai sayo wuya daga waje ya san da dokar CITES: a farkon 2017 an sa takunkumi a kan fataucin katakon da ake kira rozwud tsakanin ƙasashe, a ƙarshen 2019 aka sassauta wa kayan kiɗa da aka riga aka gama, ban da nau'in Brazil wanda har yanzu yake ƙarƙashin tsauraran sharuɗɗa.

Yanayi ma yana da nasa. Wuyan da ya baro ƙasa mai laima ya sauka Kano ko Zinder cikin hunturu zai tsuke, bakunan ƙarafansa su leƙo ta gefe suna kartar hannu, lanƙwasarsa kuma ta sauya. A bar shi ya yi mako biyu ko uku a ɗakin kafin a taɓa shi da zarto ko a yi saitin ƙarshe, a kuma sa ran sake saitin idan damina ta sauka.

Saitin ƙarshen da manhajar saita sauti ta waya ake yinsa, irin su GuitarTuna, zai fi kuma daidai idan an jona jitar kai-tsaye ta 'yar na'ura irin iRig, tunda makirufon waya ba ya kama ƙasa-ƙasan sauti da kyau. A saita tsirkiya a buɗe, sannan a danna ta a ƙarfe na 12. Idan sautin ya haura, a ja mazaunin tsirkiyar a jaki baya, idan ya gaza a matso da shi gaba. Shi kuma maɗaukin a fara da tazarar milimita 2 zuwa 3 tsakaninsa da tsirkiya lokacin da aka danna ta a ƙarfen ƙarshe. Idan ya matso fiye da haka, maganaɗisunsa zai riƙa jan tsirkiyar yana ɓata mata kaɗawa. Kan jitar kuwa a bar shi babu tambarin wani kamfani, domin manna sunan Fender a jitar da ba Fender ya haɗa ba, ranar da ta shiga kasuwa ta zama jabu.